Ƙaya ta yaga min tanti, faci ya ƙi kamawa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Ni mafarauci ne daga wani ƙauye a ƙasar Kirikasamma. In an gama girbi mukan shiga daji mu kwana biyu ko uku muna neman zomo da zabi da makwarwa. Yayana ya kawo min wani ɗan tanti marar nauyi da nake goyawa a baya. Ƙayar bagaruwa ta yaga rufinsa, na kai wa mai faci ya sa solishon, kashegari facin ya faɗo. Zif ɗin yana buɗewa ta baya, shimfiɗar ciki kuma ta fara danƙo da wari. Wani abokina ya nuna min wani a waya mai suna Dyneema, ya ce ya fi ƙarfe ƙarfi. In gyara nawa ne ko in fara tari?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana. Gyara naka, ka bar kuɗinka a aljihu.

Mai facin nan ba shi da laifi. Yawancin rufin irin wannan tanti yadin nailan ne da aka shafe da silikon don kada ruwa ya ratsa, shi kuwa silikon ba ya karɓar gam ɗin kowa sai ɗan'uwansa. Solishon, salatif, sufa gulu, duk zamewa za su yi. Sufa gulu ma ya fi ɓarna, domin yana busar da wurin ya yi tauri, sai yadin ya sake tsagewa a gefensa. Ga yadda za ka tabbatar: murza yadin tsakanin yatsunka. In ciki da waje duk santsi ne, silikon ne gaba da baya. In kuwa cikin ya ɗan yi kaushi kamar roba, kuma ka ga an bi ɗinki da wani siririn tef mai haske, to cikin shafen foliyuretan ne, ana rubuta shi PU a jikin jakar. Ta wannan ɓangaren tef ɗin gyaran tanti yana kamawa sosai.

Tunda naka ya tofar da solishon, je wurin masu haɗa tagogin gilashi ka sayi silikon garai-garai, marar launi. Ƙyallen facin kuma yana hannunka: jakar da tantin ya zo a ciki galibi yadinsu ɗaya. Yanko faci wanda ya zarce yagar da faɗin yatsu biyu ta kowane gefe, ka zagaye kusurwoyinsa da almakashi, don daga kusurwa faci ke fara ɓarewa. Goge wurin da sifirit ya bushe. Shafa silikon ɗin siriri a fuskokin biyu, ka haɗa, ka matse iskar ciki, ka rufe da leda ka ɗora abu mai nauyi. Kada ka taɓa sai bayan awa 24. Nan ne mutane ke gaza haƙuri, su ɗaga da yamma su leƙa, su ɓata aikin.

In yagar ta kai tsawon tafin hannu, sai an fara ɗinkewa. Da teloli 'yan'uwana nake magana a nan, ka kai musu wannan shafi. Allurar da muke ɗinka tamfol da rumfar Keke Napep da ita, lamba 16 ko 18, huda wannan yadi kawai take yi. A sa lamba 9 ko 10, da zaren foliyesta, a buɗe taku ya yi tsawo. Taku ƙanana a jere layin yaga ne ka zana wa iska. Bayan ɗinki a rufe da faci kamar yadda na faɗa.

Zif kuwa ƙurar hunturu ce ta cinye bakin majanyin, wato ɗan ƙarfen da ake ja, haƙoran lafiyarsu lau. Wanke su da tsohon buroshi da ruwa, ka ɗan matse majanyin da filaya kaɗan-kaɗan kana gwadawa. In ya ƙi, masu gyaran jaka za su canza maka shi, yawanci lamba 3 ne ko 5. Kada ka sa man inji ko man gyaɗa, ƙura za ta manne. Goga bakin fensir ya isa.

Danƙon shimfiɗa ba shi da maganin dindindin. Shafen PU ne ke ruɓewa idan laima da zafi suka haɗu masa, kuma naɗe tanti da raɓa a jefa shi a ɗakin kwano ya wuce bazara da damina, shi ke kawo haka. Barbaɗa masa hoda ya daina manne wa kansa. Tunda da rani kake fita, ruwan da zai ratso ta ƙasa ba damuwarka ba ne. Daga yau ka shanya shi a inuwa ya bushe ƙayau, ka zuba shi sakwa-sakwa a buhu ka rataye.

Sai maganar Dyneema. Abokinka bai yi ƙarya ba, zaren ya fi ƙarfe juriyar ja idan aka gwada su nauyi da nauyi. Wani kamfanin Holan ne ya fito da zaren, yadin kuma asalinsa na filafilan jiragen ruwan tsere ne. Ba ya shan ruwa, ba ya saki. Amma ba saƙa ba ce, zare ne aka jera tsakanin ledoji biyu sirara, don haka gogayya da tsini su ne ajalinsa. Mafarautan Amurka da ke hawa duwatsun Kolorado da Montana cikin ruwa da ƙanƙara, su goyo nama su sauko da shi a ƙafa, su ke da dalilin biyan sama da dala 500 don tanti mai rabin kilo. Kai kuma me za ka rage? Akwai tantin foliyesta na mutum ɗaya da bai wuce kilo guda ba. Bambancinsu nauyin ledar ruwan fiya-wata guda ne. A dajin da tsidau da ƙarangiya ke ƙasa, aduwa da magarya da bagaruwa ke sama, ban yarda mutum ya sayar da tumakinsa saboda wannan ba.

Abin da ya fi damuna da tantinka ma ba ƙaya ba ce, rana ce. Nailan ba ya jure hasken rana. Ba za ka ga komai ba sai ɗan koɗewa, ranar nan iska ta taso ya rabe biyu. Kafa shi da la'asar sakaliya, ka kwance shi da hantsi, kada ka bar shi tsaye ka tafi bin sawu. Duk shekara kafin fita ka kama rufin da hannu biyu ka ja da ɗan ƙarfi. In ya tsage ba wuya, ya gama aiki, faci ba zai cece shi ba.

Ranar da za ka sake saye, nemi foliyesta, ya fi nailan jure rana, kuma ba ya saki idan raɓa ta sauka. Duba lambar da ke gaban harafin D, ita ce kaurin zaren: nauyin zare mai tsawon mita 9,000 a giram. 10D da 15D sun yi mana siriri. Rufi ya zama 30D ko 40D, shimfiɗa 70D in ka samu. A tabbatar yana da gidan sauro a ɗinke, don fadamun Haɗeja ba sa rabo da sauro ko da sanyi. Kafin ka kafa, share wurin da reshe, ka farke buhun taki ka shimfiɗa a ƙasa.

Ina roƙonka, kada sanyin Janairu ya sa ka shigar da garwashi ciki. Yadin nan narkewa yake yi ya manne a fata, garwashi kuma a rufaffen wuri yana fitar da iskar da ba ta da wari, tana kashe mutum yana barci. Hura wutar nesa, ta inda iska za ta kau da tartsatsi. Kuma tunda kana kusa da Baturiya, ka san gandun daji ne mai kariya, tambayi ma'aikatan gandun inda iyakarsa take kafin ka kafa turke.