Hajiya, ki buɗe wa baƙi layinsu daban

Wata Hajiya mai gidan abinci a unguwar Bukoki, nan Yamai, ta aiko da tambaya. Ta sa akwatin wifi a gida, shagon kuwa jikin gidan yake. Jaka 25, wato Sefa dubu 25, take zubawa kowane wata, amma forfen, wato datar da take saye, ba ya kai sati uku, domin masu cin abinci, maƙwabta da abokan ƴaƴanta duk sun san kode. Ta ce: "In hana su ne, ko in fara karɓar kuɗi?"

Hajiya, kada ki yi gaggawar ko ɗaya. Wanda ya zauna ya ci tuwonki ya ce ki ba shi kode, hana shi ba ciniki ba ne, maƙwabci kuma da kunya. Matsalar ita ce kode ɗaya kike raba wa kowa. Duk wanda ya shiga da shi, layi guda yake da wayarki da kike karɓar kuɗi da ita, da kwamfutar yara, da kyamarar shago in akwai.

Yawancin akwatunan yanzu, irin su TP-Link da Huawei, suna iya fitar da layi na biyu don baƙi. Kamar zaure ne: baƙo ya zauna ya sha ruwa, bai leƙa cikin gida ba. Ki juya akwatin, a gindinsa akwai adireshin shiga, sau da yawa 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, wasu Huawei kuma 192.168.8.1; shi za ki rubuta a burauzar wayarki don ki shiga saitin akwatin. In saitin da Faransanci yake, ki nemi inda aka rubuta Réseau invité. Ki sa masa sunan gidan abincinki, tallar kyauta ce ga duk mai wucewa da waya, ki ba shi kodensa daban, ki kashe damar ganin na'urorin gida. Sannan ki sauya kalmar sirrin shiga saitin kanta. Da yawa suna barin kalmar sirrin admin da akwatin ya zo da ita, yaron da ya san waya kuwa minti biyu ya ishe shi ya shiga ya juya komai.

Inda kuɗinki ke zurarewa shi ne bidiyo. Saƙon WhatsApp da kiran murya ba sa cin wani abin kirki, amma awa ɗaya ta bidiyo mai haske tana iya lashe giga guda. Samari biyar su kwana a gindin katangarki suna kallon ƙwallo, kin ga inda forfen ya tafi. Don haka ki ƙayyade gudun layin baƙi, mega 1 ko 2 a daƙiƙa. Ya isa a yi hira, a tura hoto, amma mai sauke fina-finai zai gaji ya tashi. In akwatinki ba ya da wurin ƙayyade gudu, ki riƙa kashe layin baƙin idan kin rufe shago, ki sauya kodensa duk Juma'a. Na gida kuwa ki sauya shi yau, kuma yara su ji da kyau cewa ba na rabo ba ne.

Ga lissafi. Jaka 25 a wata kusan Sefa 830 ne a rana. In ribarki a kwano Sefa 200 ce, kwano biyar na ƙari a kowace rana sun biya intanet ɗin gaba ɗaya, har da wanda gidanki ke sha. Ki riƙe littafi wata guda ki gani ko wifi na kawo waɗannan biyar ɗin, ko kuwa masu sayen lemo ɗaya su riƙe kujera har la'asar yake tara miki. In na biyun ne, a rubuta kode a ƴar takarda, a miƙa tare da abinci.

Batun sayarwa kuwa, ni ban ba ki shawara ba a yanzu. Masu wifi zon da kike gani suna sayar da tikiti sana'a ce daban: sai na'ura irin MikroTik mai yanke lokacin kowa, da batir ko sola saboda ɗaukewar wuta, da mai tsaye a kai. Kuma yarjejeniyar layin gida takan hana a sake sayar da shi. Duk ranar da kika yi niyya, ki fara tambayar kamfanin da kike biya, da hukumar ARCEP mai kula da sadarwa, kafin ki sayi ko da igiya ɗaya.