Zazzaɓin da ya ƙi jin maganin taifot

'Yar'uwa, sannu da jinya, Allah ya ba maigidanki lafiya. Kin ce wata uku ke nan zazzaɓi na zuwa yana tafiya, ya sha maganin taifot da na maleriya har ya gaji, yanzu kuma ga ciwon kai, ga kunne ya fara toshewa. Wallahi kamar labarin yayana nake karantawa.

Shi mahauci ne a nan Jos, a karar Bukuru yake sayen shanu. Da dare zufa yake yi sharkaf, sai an sauya zanin gado. Muka yi ta zaryar kemis da wani ƙaramin asibiti, kullum dai taifot. Ranar da ya fara sambatu har mai ruƙiyya aka kira. Sai da muka kai shi JUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, likita ya tambayi sana'arsa, nan aka fara zargin cutar burusela, wadda makiyaya ke kira bakkale, mai sa saniya ɓari. Ana ɗaukar ta a madarar da ba a tafasa ba, ko a taɓa jini da mahaifar dabba da hannu tsirara. A wasu 'yan kaɗan takan haura ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Don haka in maigidanki yana hulɗa da dabbobi ko yana shan ɗanyar madara, ki faɗa wa likita tun kafin ya tambaya.

An yi masa gwajin jini na Rose Bengal, sannan aka ce za a ɗebi ruwa a gadon bayansa. Innarmu ta ce atafau, wai ƙafafunsa za su shanye. Da ƙyar muka shawo kanta, kuma allurar ɗibar ruwan ba ta yi masa komai ba. Kada ku ƙi wannan gwajin, don cutar na kama da sanƙarau na tarin fuka, dole likita ya tantance.

Magani kuwa sai haƙuri. Wata 1 ana yi masa allurar ceftriaxone ta jijiya, ga doxycycline da rifampicin da ya sha wata 6. Fitsarinsa ya koma ja kamar manja, muka tsorata, ashe aikin rifampicin ne. A wata na biyu ya ji ƙarfi ya ce ya warke, ni na zauna a kansa har ya gama, don in aka yanke magani takan dawo.

Ya koma bakin sana'arsa, da safar hannu yanzu. Kunnen hagun ne dai har yau sai kin ɗaga murya.