Kwikwiyona na susa, gashi na zuba, mi zan saya?

Assalamu alaikum jama'a. Satin ga saƙonni uku suka shigo kan magana guda, kwiyakwiyai masu ƙaiƙayi da zubar gashi, shi ya sa na ce bari in haɗa su wuri ɗaya. Ni ba likitan bisashe ba ne, kun dai sani, mai kiwo ne da ya daɗe cikin karnuka da awaki, ya kuma yi asarar da ta koya mishi hankali.

Saƙo na farko daga wani matashi nan cikin Tawa: "Baba barka da aiki. Kawuna ya kawo mini ɗan kwikwiyo irin na Azawak daga wajen Abalak, satinshi goma. Kwana goma ke nan ba ya barci ba ma barci, susa kawai, bakin kunnuwanshi sun yi ɓawo, gashin gwiwa ya zube. Abokaina sun ce in shafa mishi baƙin mai na garaji, wani kuma ya ce in sayi allurar shanu a yi mishi. Jikka biyar gare ni. Wanne zan yi?"

Ɗana, ko ɗaya. Bari in fara da baƙin man tunda shi ne kyauta, shi ne kuma kowa ke gudu wurinshi. Man da aka juye daga injin mota ya kwashi ƙarfe da dattin ƙonewa, ka shafa ma kwikwiyon da fatarshi ta riga ta tsattsage da susa, rabi ya shige jiki ta ƙurajen rabi ya lashe da harshe don kare ba ya barin abu a jikinshi bai lasa ba, ga shi baƙi ƙirin ka sake shi cikin ranar Tawa. Waɗanda ke ce maka sun gwada ya yi, tambaye su nawa suka mutu ba a ƙirga ba. Haka girizil, haka kananzir, haka piya-piya da Sniper, duk guba ne ga ɗan abin da bai wuce kilo huɗu ba, kada ma ka bari a kusanto da su.

Allurar shanu kuwa, wato ibamektin, ita maganarta ta fi wuya don da gaske tana kashe ƙwayar ƙazuwa, likitoci na aiki da ita. Matsalar awo ce. Duba jikin kwalbar mai kashi 1 cikin ɗari, an rubuta mililita 1 ga kilo 50 na nauyin saniya. To lissafa da kanka, kwikwiyo mai kilo 4 rabonshi bai kai kashi ɗaya cikin goma na mililita ba, ɗigo biyu ne haka, sirinjin da ake ma shanu ma ba ya iya auna shi. Mai tebur a kasuwa in ya zuƙi mililita guda ya ce ai kaɗan ne, ya ba shi ninki goma sha biyu da ɗori. Na gani da idona a gidana, shekarun baya wani mai sayar da magani ya yi ma wata 'yar karyata haka ina tsaye ina mishi godiya, kafin magariba tana tangaɗi kamar mai maye, miyau na dalala, baƙin idonta ya buɗe fal ba ta ganin ƙwaryar ruwa gabanta, kwana biyu ta mutu. Ni na riƙe mishi ita da hannuna, shi ne abin da har yau ke ci mini rai.

Yanzu abin da ke damun naka. Yadda ka faɗa, bakin kunne da ɓawo, gwiwa ta sule, ƙaiƙayi ba dare ba rana, ya yi kama ƙwarai da ƙazuwar kare, wadda wata ƙwaya mai suna sarkoptes ke kawowa, ido ba ya ganinta, tana haƙa rami cikin fata tana ƙwai. Akwai gwajin da za ka yi a gida ba ko dala: kama bakin kunnen tsakanin yatsu biyu ka murza a hankali, in ƙafar baya ta fara harbin iska ita kaɗai kamar yana susa, to alama ce mai ƙarfi. Sai gwaji na biyu don ƙuma, tsayar da shi bisa farin ƙyalle ko farar takarda da ka jiƙa, ka taje bayanshi wajen gindin wutsiya, in wasu baƙaƙen ɗigo kamar garin barkono suka faɗo suka narke suka yi ja, kashin ƙuma ne, jinin kwikwiyonka ne da ta sha. Sau da yawa ma duka biyun ne tare.

Jikka biyar ɗinka ga inda za ta. Ka fara auna shi, ka hau sikeli da shi a hannu ka sauka ka hau kai kaɗai ka cire, ko ka roƙi mai shago ya ɗora maka shi cikin kwali. Sannan ka ɗauke shi sai gidan elbaji, wato ma'aikatar kula da bisashe, ko wurin likitan bisashe mai zaman kanshi, ka faɗi satinshi da kilonshi. Zai ɗan kankare fatar ya duba a madubin likita, kuma kada ka yi mamaki in bai ga komi ba ya ce duk da haka a yi magani, ita wagga ƙwaya ta iya ɓuya, sau da yawa ba a kama ta a gwaji. In ya ga ibamektin ce ta dace, shi ya san awo da ƙaramin sirinji, kuma ba pikiri guda ba ne, ana maimaitawa bayan sati biyu don magani ba ya kashe ƙwai, ita kuma ƙwayar daga ƙwai zuwa babba sati uku take ɗauka. Nan mutane ke faɗuwa, susa ta lafa bayan na farko sai a ce ya warke, wata guda abu ya dawo a ce magani jabu ne. In akwai hali akwai na zamani da suka fi sauƙin sha'ani, Stronghold da ake ɗigawa a ƙeya tun daga sati 6, ko ƙwayar taunawa irin NexGard daga sati 8 in ya kai kilo 2, suna kashe ƙuma da ƙazuwa lokaci guda, sai dai sun fi tsada kuma an fi samunsu Yamai, in kana da mai zuwa ka ba da saƙo da sunan da likita ya rubuta da kilon kare, don kowane kwali da nauyinshi.

Abu guda kuma tunda na Azawak ne. Irin karen ga Allah ya yi shi siriri, fata sirit, gashi gajere, ba kitse, ana ganin haƙarƙari ko yana ƙoshe, to kada wani ya ce maka rama ce ya ɗura mishi magungunan ƙiba. Kuma maganin wankan kaska na shanu, amitraz, wanda ake sayarwa da sunan Taktic, ba a yi ma kwikwiyon da bai kai wata 4 ba, ko an ce maka a tsarma da ruwa da yawa. Buhun da yake kwana bisa ka ƙone shi, ka share wurin tas, in akwai wasu karnuka a gidan duka za a yi ma magani ko ba su fara susa ba. Kai ma in ka ga ƙananan ƙuraje masu ƙaiƙayi a hannu ko ciki inda kake rungumarshi kada ka tsorata, tana taɓa mutum amma ba ta zama a jikinmu, in kare ya warke takan wuce, in ta ƙi ka tahi likita.

Na biyu wata uwa ce daga Yamai: "Malam, maigida ya sawo ma yara kwikwiyo, yanzu gashinshi na cirewa zagaye-zagaye kamar an ɗora dala an yanke, a goshi da ƙafa, ba ya susa sosai. Autana ma ga wani zagaye ja ya fito mishi a wuya. A farmasi an nuna mini shamfu na karnuka mai ƙamshi. In saya, ko in sa a fitar da karen?"

Hajiya, ajiye shamfun ga, ƙamshi za ki saya. Zagaye mai ɗan gari-gari a kare, ga zagaye a wuyan yaro, wannan sai a ce makero, kuma makero ba ƙwaro ba ne ba tsutsa ba, naman gwari ne irin na fata, shi ya sa duk maganin ƙuma da ƙazuwa da na lissafa sama ba ya taɓa shi ko kaɗan. Ki fara da yaron, a kai shi likita yau, na jiki man shafawa ne yakan isa amma ki duba kanshi da na 'yan uwanshi da kyau, in ya hau kai ya zama ƙora shafawa kaɗai ba ta yi sai an haɗa da na sha. Kowa da tawul ɗinshi da matajinshi har a gama.

Karen kuma likitan bisashe zai rubuta abin wanka mai mikonazol da kulorheksidin, sau biyu a sati, a bar kumfar minti goma a jiki kafin a ɗauraye, in abin ya bazu ya haɗa da na sha, kuma ki shirya ma sati shida ko fiye, ba aikin kwana uku ba ne. Fitar da shi ba zai fid da ku ba, gashin da ya riga ya zuba cikin gida na ɗauke da irin cutar kuma yana iya wuce shekara da rai a tabarma da lungun kujera, saboda haka ko da kare ko ba kare sai an yi shara, a goge siminti da ruwan jabel kashi ɗaya cikin ruwa kashi goma, a wanke zannuwa a shanya a rana. In kuma kin sa an yar da shi bayan gari, 'ya'yan wasu ne za su tsince shi. Ki keɓe shi wuri guda mai sauƙin wankewa, yara su daina ɗaukarshi sai ya warke, wanda ya taɓa ya wanke hannu da sabulu. In can ƙasan zuciyarki dama ba ki son kare a gidan, wannan magana ce tsakaninki da Alhaji, ba ruwan makero.

Na uku gajere ne, wani mai gadi: kwikwiyonshi ɗan wata huɗu gashi ya zube kewayen ido da gefen baki kamar ya sa tabarau, ba ya susa, yana ci yana wasa, mai magani ya ce ya sayi deksa, wato deksametazon.

Ɗan uwa, kada ka saya. Wannan ya fi kama da ɗaya ƙazuwar, demodeks, wadda kusan kowane kare ke da ita kaɗan cikin ramin gashi, tun kwanakin farko yake ɗaukarta wurin uwa garin shan nono, ba ta kama mutum ba ta tsallaka ma wani kare, sai jikin kwikwiyo ya yi rauni take yawa. In wuri biyu ne ko uku ƙanana yawanci da kanta take wucewa cikin wata biyu haka. Deksametazon kuwa aikinshi kwantar da garkuwar jiki, wato dai ka kori mai gadi ka bar ƙofa buɗe, kai ka fi kowa sanin abin da ke biyo baya, wuri biyu sai ya zama jiki duka da ruwa da wari. Kuɗɗin deksan ka sayi maganin tsutsar ciki na karnuka daidai kilonshi, ƙa'ida duk sati biyu har ya kai sati 12, daga nan wata-wata har wata 6, kuma ka duba abin da yake ci, in ragowar tuwo da ruwan miya ne kullum to gashi ba shi da abin da zai tsiro da shi, ƙara mishi dafaffen ƙwai, ɗan kifi da aka cire ma ƙaya, tumbi ko huhu daga mahauta a dafa, ban da albasa da tafarnuwa don suna lalata jinin kare. Ɗauki hoton fuskar da waya yau, ka sake bayan sati biyu ka gwada, in wuraren sun ƙaru ko ƙafafu sun kumbura ko ya fara wari to ya wuce jira, kai shi a kankare a duba, ita wagga ba ta ɓuya, nan take ake ganinta. Kuma tunda ya wuce wata 3, in ka je ka tambayi allurar haukan kare a ba ka takardarta ka adana, in likita ya ce a bari fatar ta ɗan lafa tukuna, ka sa ya rubuta maka ranar da za ka komo.