Layi biyu a gwajin hERG: antibodina ne ya lalace?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina karatun digiri na biyu, ina aiki a kan hERG, ɗaya daga cikin ƙofofin da potasiyam ke bi ta fatar tantanin zuciya. Na sayi antibodinsa, wato furotin da ke kama hERG ya nuna inda yake, da kuɗi mai tsoka, na yi westan bulot (gwajin da ke rarraba furotin bisa nauyi a cikin jel, su fito layi-layi) da tantanin HEK293 (tantanin ɗan Adam da ake rainonsu a ɗakin gwaji) da aka saka wa kwayar halittar hERG, sai ga layi biyu maimakon ɗaya. Kayan ne ba su da kyau?

Amsa: Wa alaikumus salam. Kada ki yi saurin zubar da shi. Idan layukan sun tsaya wajen kilodaltan (ma'aunin nauyin furotin) 135 da 155, to abin da ya kamata ki gani ke nan. Furotin ɗaya ne a mataki biyu. Na ƙasa ɗanye ne, yana cikin tantani, an maƙala masa sukari kaɗan. Na sama ya bi ta Golgi, sashen tantani da ke ƙarasa gyaran furotin, an cika masa sukarinsa, shi ne mai isa fatar tantani ya yi aiki. Zuba musu PNGase F, sinadarin da ke yanke sukarin jikin furotin, za su sauko su zama ɗaya, ɗan'uwansa Endo H kuwa na ƙasan kaɗai yake taɓawa.

Masu binciken magunguna layin saman nan suke sa wa ido. Wasu magunguna suna toshe ƙofar ne kai tsaye, kamar cisapride da aka janye daga kasuwar Amurka a 2000 saboda rikita bugun zuciya. Pentamidine kuwa, wanda ake ba masu ciwon barci, hana furotin ɗin isa fata yake yi, sai ki ga layin 155 yana dusashewa alhali na 135 yana nan daram.

Sai dai ni ban yarda da antibodi don takardar kamfani ta yabe shi ba. Ƙofofin potasiyam dangi ne babba, kwayoyin halittarsu sun haura 70 a jikin mutum, kuma suna kama da juna ƙwarai. Shi ya sa ake yawan haɗa antibodi a kan wutsiyar furotin da ke cikin tantani, inda suka fi bambanta. Ki ɗora HEK293 da ba a saka wa hERG ba a ramin jel da ke kusa. Layin da ya fito a can ma, ba naki ba ne. Toshe antibodi da guntun furotin da kamfani ke haɗowa da shi ba ya wadatarwa, domin har layin ƙarya yana iya gogewa.

Abu biyu na bakin tebur. Kada ki tafasa samfurin, furotin na fata dunƙulewa yake ya maƙale a saman jel, ɗumi na digiri 37 ya isa. In kuma hoto za ki ɗauka a madubin ƙara girma da antibodi mai kama wutsiyar ciki, sai kin huda fatar da sabulun gwaji Triton X-100, in ba haka ba duhu za ki gani.

Ko ƙofar tana wucewa da potasiyam, wannan antibodi ba zai gaya miki ba. Sai kin auna wutar lantarkin da ke ratsa ƙofar da dabarar fac kilam, wadda ta kai Neher da Sakmann ga kyautar Nobel a 1991.