Notin saitin fitilar tsohuwar Fijo 504 ya ƙi motsi: yaya za a kwance shi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Daga wani ƙauye kusa da Auyo nake rubutowa. Mahaifinmu ya rasu ya bar mana Fijo 504, ta shekara goma sha a ajiye a gindin darbejiya, yanzu ina so in tashe ta. Inji ya tashi, amma fitilun gaba ɗaya na kallon sama ɗaya na kallon ƙasa, notukan saitinsu kuma sun kafe. Wani ya ce in kai wa mai walda ya gasa su. In kai?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Malam, kada ka kai. Bari in faɗa maka dalili.

Fitilar irin waɗannan motoci a wuri uku take zaune. Akwai ɗan kai mai kama da ƙwallo da ke cikin gurbin roba, a kansa fitilar ke juyawa. Sai dogayen notuka biyu, ɗaya na ɗaga haske sama da ƙasa, ɗaya na kai shi dama da hagu. Notin ƙarfe ne, amma abin da ke kewaye da shi ba ƙarfen kirki ba ne: roba ce da rana ta riga ta busar, da falle-fallen kwano, wani lokacin da gamin tutiya wanda ke narkewa tun zafi bai kai digiri 400 ba. Wutar walda ta haura digiri 3,000. Kafin notin ya yi ja, gurbin ya zama ruwa, gilas ya tsage, madubin cikin fitilar ya ƙone. Noti kuwa ko a kasuwar ƙauye ka samu. Fitilar 504 ta asali ita ce wahala. Tun 1975 aka fara haɗa Fijo a Kaduna, 504 ta cika ƙasar nan, amma an daɗe da daina yin ta, yau sai ka wuni a Ƙofar Ruwa a Kano kana tonon tsofaffin kaya kafin ka ga mai kyau.

Mutane na mamakin tsatsa a ƙasa mai fari irin tamu. Ƙurar hunturu ce ke cika haƙoran noti, damina ta zo ta mai da ita taɓo, taɓon ya riƙe laima. Ku da ke fadamar Haɗeja abin ya fi yawa. Tsatsa kuma ta fi ƙarfen da ta ci girma, kumbura take yi, shi ya sa notin ke shaƙewa kamar an yi masa walda.

Ciro fitilar gaba ɗaya da mazauninta, ka cire ƙwan, ka toshe ramin da tsumma mai tsabta. Goge haƙoran notin da burushin ƙarfe har sai ka ga haskensu. Sai ka ɗiga mai. In ka samu WD-40, man feshi mai sakin tsatsa, ko irinsa to, in babu, haɗa kananzir da jan man giyar otomatik rabi da rabi. Na san makanikai da yawa man birki suke zubawa. Yana shiga, gaskiya ne, amma yana cin fenti, in kuma ya ɗiga a madubin fitila shi ke nan. Ni ba na kusantar fitila da shi.

A nan ake gane mai haƙuri. Ɗiga safe da yamma, kwana uku, ko ma mako. Duk sanda ka ɗiga, ɗora kan notin a kan icce ka ɗan ƙwanƙwasa da ƙaramar guduma, kamar mai sallama a ƙofar surukai. Girgizar ce ke fasa tsatsar ta buɗe wa mai hanya. Motar da ta jira shekara goma sha ba kwana bakwai ne zai dame ta ba.

Ran da za ka gwada, nemi sukudireba ko sifana da ta zauna daram, don mai lilo ita ke cinye kan noti. Fara da ɗaurewa kaɗan, ba kwancewa ba. Da ka ji ya ce ƙas, dawo baya kwata, sake gaba, ƙara mai, sake baya. Idan ka ji ya yi laushi alhali gindinsa bai motsa ba, tsaya, murɗewa yake yi zai karye.

In ya ƙi, akwai zafin da ba ya ɓarna: ari ƙarfen narka dalma na mai gyaran rediyo, ka ɗora a kan notin na 'yan mintuna, nesa da roba, ka bari ya huce, ka ƙara mai. Shi kuwa ƙwallon da ke cikin roba, tafasasshen ruwa za ka zuba wa gurbin ya yi taushi, sannan ka ɓamɓaro shi a miƙe. A bushe ka ja shi, sai ya dagargaje kamar ƙanzo.

Ƙananan ƙarafan da ka ciro, jiƙa su kwana ɗaya a ruwan khal, ka ɗauraye da ruwan kanwa don ya kashe tsamin, ka shanya. Ban da na tutiya, tsami na cinye su. Cikin madubin kuma ko da tsumma kada ka shafa, rufin nasa bai kai fatar albasa kauri ba.

Notin da ya karye, a huda shi a tsakiya da ƙaramin bakin injin huda, a sa sabo mai haƙora irin nasa. Shafa giris kafin ka mayar.

Sai saiti. Bayan magariba ka tsai da motar a shimfiɗaɗɗen wuri, mita 10 daga katanga, iskar tayoyi daidai. Auna tsayin tsakiyar fitila daga ƙasa, ka yi alama da gawayi a bango. Kunna ƙaramin haske: bakinsa na sama ya sauka kamar santimita 10 ƙasa da alamar. Rufe fitila ɗaya da buhu kana saita ɗayar.