Amsa ga yaron barga kan hatsin doki

Ka tambaye ni, yaro, dalilin da ya sa na hana ka juye wa doki hatsinsa na yini guda a lokaci ɗaya, alhali ka ga shanun gidanku suna cin abin da suka ga dama. Ba zan tsaya koya maka fitar da tsakuwa daga dawa ko wanke komi ba, domin wanda bai san wannan ba bai kamata ya taka barga ba.

Saniya cikinta ɗaki huɗu ne, tana haɗiye ciyawa, ta kwanta, ta dawo da ita ta yi tuƙa. Doki kuwa tumbinsa ɗaya ne tak, kuma duk girman ingarma, abin da tumbin yake ɗauka bai wuce lita 15 ba. Mashigar tumbin tana da ƙarfin da ba ta barin abin da ya shiga ya komo, shi ya sa doki ba ya amai. Abinci yakan ratsa ƙaramin hanji mai tsawon kusan mita 20, sannan ya isa babban hanji, inda ƙananan halittun da ido ba ya gani suke narkar da harawa sannu a hankali. Idan hatsi ya yi yawa har ya isa can bai narke ba, sai ya yi tsami, iska ta taru, wani lokaci har kofato ya ɗauki zafi.

Ina da wani akawal, wato baƙin doki, da na yi shekara bakwai ina kiwonsa, wanda ya yi Hawan Daushe sau uku bai taɓa kunyata ni ba. Wani mutum ya zo da babbar riga da zaƙin baki ya karɓe shi haya don hawan angwancin ƙaninsa, na kuwa ja masa kunne cewa kada a ba shi komai sai ruwa da harawar da na ɗaura masa. Bayan isha'i aka dawo mini da shi yana jiƙe da gumi, yana tonon ƙasa da ƙafar gaba, yana waiwayen cikinsa. Na kwana ina jan sa muna zagaya barga don kada ya kwanta ya yi birgima, amma kafin asuba ya faɗi bai sake tashi ba. Mutumin ya rantse a gaban mai unguwa cewa ko ƙwaya ɗaya bai ba shi ba. Da aka farke cikin sai ga tumbin ya fashe, ga gero nan jingim wanda ya fi tiya biyu, ashe sun ɗura masa ne wai don ya yi ƙarfin sukuwa. Har yau ko cikon kuɗin hayar bai biya ni ba, kuma idan muka haɗu a kasuwa shi ne yake fara miƙo mini hannu.

Ku yaran yanzu burinku ku zuba abinci sau ɗaya ku koma kan waya. Daga gobe ka raba hatsin kashi uku, ka fara ba shi ruwa da harawa kafin kowane kashi, kuma kada ka ɗaura masa sirdi da cikakken ciki. Linzamin da kake gani rataye a bayan ƙofa na akawal ɗin ne, kada ka sa wa wani doki shi.