Takalmin mai sana'a ko na kamfani?

Kana tambaya me zai sa ka sayi takalmi wurin ƙaramin mai sana'a alhali na kamfani ya fi araha. Babban amfanin shi ne gyara. Takalmin da aka ɗinke tafinsa, in ya cinye a farke a sa sabo. Wanda aka manna da gam kuwa galibi sai shara. Ga shi mai sana'a zai auna ƙafarka.

Amma fa ba kowane aikin hannu ne mai inganci ba. Leƙa ɗinkin ta ciki, ka ga ayyukan mai sana'ar na baya. Kada ka biya duka. Ba da kafin alƙalami, ku rubuta ranar karɓa. In kana da ciwon suga, likita ya fara duba ƙafar.